Dokta Bai Ji Komai Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Alhamis Dioselina Barraza ta dawo daga kasuwa da kifi biyu a leda, ta buɗe ƙofar baya, ta tarar da uwar ɗakinta a gindin matakala, kai a fashe.

Ta saki ledar. Ta durƙusa ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta tana kira, "Doña Hermelinda! Doña Herme!" Shekara goma sha tara tana yi wa matar nan girki da wanki, ba ta taɓa kiranta sau biyu ba a amsa mata da faɗa ba. Yau shiru. Kafin 'yan sanda su iso jini ya jiƙa mata siket har gwiwa, kyanwar gidan kuma ta ja kifi ɗaya ƙarƙashin kujera.

A birnin Barranquilla, in aka tsinci gawa a babban gida na unguwar El Prado, aka kuma tsinci 'yar aiki da jini a jiki, to an gama rabin bincike. Ragowar rabin cike takarda ne. Rana ba ta faɗi ba sai da Dioselina ta tsinci kanta a bayan kanta.

'Yarta Yuleidis tana da rumfar gyara a tsakiyar gari, wadda in ta miƙe hannuwa sai ta taɓa bango biyu. Shekararta ashirin da huɗu. Makaranta ta tsaya mata a aji uku na sakandare, sauran ilimin ta tsince shi a cikin matattun rediyoyi da bidiyon mutanen da ba ta jin yarensu. A saman rumfar ta rubuta da fenti: *Ana gyara waya, hedfon da rediyo. Ba a gyara hali.* Da labarin ya zo mata ba ta yi kuka ba. Ta kashe ƙarfen narka dalma, ta jira ya huce, ta rufe rumfa.

Sai da safiyar Juma'a aka bar ta ta ga mai binciken, Sajan Ovidio Pertuz, wani ƙaton mutum da saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya ƙudura zai yi su a zaune. Fankar teburinsa tana gurnani ba ta juyawa. Yana fifita da fayil ɗin mahaifiyarta.

"Ke ce 'yar?"

"Haka aka faɗa mini tun ina ƙarama, Yallaɓai."

Ya dube ta ta saman tabarau. "To saurara. Ƙofa biyu ce a gidan, duk a kulle, ba a ɓalle ko ɗaya ba. Mukulli biyu ne ban da na marigayiya: na uwarki da na ɗan wan marigayiyar, Dokta Fabricio Sarmiento. Da safe maƙwabta sun ji uwarki da tsohuwar suna cacar baki. Ta ce daga ƙarfe biyu tana kasuwa. Mun tambayi masu kifi goma sha ɗaya, babu wanda ya tuna ta."

"Masu kifi ba sa tuna wanda ya taya da kyau. Doktan fa?"

"Yana ɗakinsa a sama, hedfon a kunne tun ƙarfe ɗaya. Bai ji komai ba."

"Dokta na me ne?"

"Dokta dai."

"Yana duba marasa lafiya?"

"A'a."

"Lauya ne?"

"Ke yarinya, mutum ne mai sa riga mai dogon hannu a wannan zafin. Dokta ne." Ya share gumi. "Kuma na yarda da shi. 'Yata Marelvis in ta toshe kunnuwa da nata, sai gida ya ƙone ba ta sani ba. Gobe da safe za a kai uwarki gaban alƙali, daga can sai gidan yari har ranar shari'a. Ki nemo mata maganinta na hawan jini da kaya masu sauƙi."

Yuleidis ta miƙa hannu. Ta jawo fankar, ta zare fulogin, ta ciro ƙaramin sukuddireba daga gashinta. Gashi ne da ƙura suka naɗe ƙarfen tsakiya. Minti biyu fanka ta tashi, takardun Sajan suka watse a ƙasa. Ya zauna yana shan iska kamar wanda aka yi wa albishir.

"Wata takwas," ya ce. "Na rubuta takarda uku a kan fankar nan."

"Ina so in ga mamata."

An ba su minti biyar. Dioselina tana zaune a kan dakalin siminti cikin rigar aro, ta tsufa da shekara goma a kwana ɗaya.

"Mama, kun yi faɗa?"

"Yaushe ne ba mu yi ba? A kan gishiri ne. Na ce likita ya hana, ta ce likitan bai kai jikanta ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Yule, wa ya ba kyanwar nan abinci?"

"Ta ci kifinki. Faɗa mini abin da kika gani."

"Ba gani ba ne, 'yata, ji ne. Tun daga ƙofa gabana ya faɗi, don gidan shiru. Kin san ta da rediyonta. Kunne ɗaya ya mutu, ɗayan yana hanya. Kullum daga biyu zuwa biyar tana kujerarta a saman matakala, an ƙure wa masu kiɗan akodiyon murya har tagogi na rawa. Ko ranar da aka binne mijinta ba ta kashe shi ba."

"Ƙofar wa ke kusa da wurin?"

"Ta Niño Fabricio mana." Shekararsa arba'in da shida, amma a bakin masu aikin gidan har yanzu Niño ne, wato yaro. "Makon nan kullum sai ya fito ya yi magana a kan ƙarar. Da can ba ya kulawa."

Yuleidis ta san dalilin da ya sa makon nan ya bambanta, domin dalilin yana cikin jakarta.

Ranar Talata wani mutum mai dogon hannu ya tsaya a rumfarta, ya waiga hagu da dama kamar mai sayen abin kunya, ya ajiye wani baƙin akwati mai girman sabulun wanka. Amfilifaya ce ta aljihu, wadda ake haɗawa tsakanin waya da hedfon ta ƙara masa ƙarfi. Ramin da ake soka igiya ne ya saki. Tana sanye da takunkumi saboda hayaƙin dalma, da gilashin ƙara girma a ido, amma ko ba su da wuya ya gane ta. Shekara bakwai ta yi tana rubutun makaranta a teburin kicin ɗin goggonsa, bai taɓa kallon fuskarta ba.

Sai da ya yi mata lacca ta kwata ɗin awa. Hedfon ɗinsa daga Turai yake. Irin mai tauri ne, wayar hannu ba ta iya tuƙa shi, sai da amfilifaya. Bayansa a buɗe yake da raga, don sauti ya yi numfashi. Da shi mutum yana jin lokacin da mai goge ya haɗiye yawu. "Ba irin robobin da kuke cusawa a kunne a cikin bas ba ne," in ji shi. Ya kuma roƙi kada zancen ya fita, don 'yan ƙungiyarsu ta masu kunnen zinariya sun san can babban birni, Bogotá, yake aika kayansa gyara. Ta manna salatif a jikin akwatin ta rubuta *Dokta Sarmiento, Talata*, ta ce ya dawo Juma'a.

Ta koma teburin Sajan. "Yallaɓai, yaushe za ka koma gidan?"

"Yanzu. Dokta zai sa hannu a bayaninsa."

"Ka tafi da ni. In ban nuna maka komai ba cikin awa ɗaya, zan mayar da fankarka yadda na same ta."

Ya dubi fankar, ya dube ta, ya ɗauki hularsa.

Sun fara da maƙwabci, Don Ulises Charris, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ruwa, wanda ke barandarsa da teburin wasan domino tun ranar da ya bar aiki. A gabansa akwai Eusebio, mai gyara wa gidajen layin itatuwa, wanda Sajan ya taɓa sa wa ido saboda an gan shi a kan bishiyar mangwaron marigayiya ranar Laraba.

"Eusebio? Bar shi kawai," in ji Don Ulises. "Daga biyu har kuka iso yana kan kujerar nan yana shan kashi. Sau shida. Wannan ko kaza ba zai iya kashewa ba, sai dai ta mutu da dariya."

"Sau biyar ne, tsohon banza," in ji Eusebio.

"Me ka ji jiya, Don Ulises?" Sajan ya tambaya.

"Na faɗa wa yaranka. Uku da minti goma. Ana cikin waƙar da nake so, sai ɗif, rediyo ya mutu a tsakiyar baiti. Sai muryar Herme, 'Ajiye mini abina!' Sau biyu. Sai na ji kamar buhun shinkafa ya gangaro."

"Ba ka leƙa ba?"

Tsohon ya juya ƙwayar domino a hannunsa. "Shekara arba'in ina jin matar nan tana ihu, Sajan. Da zan leƙa duk sanda ta yi, da na tare a gidan." Ya ajiye ƙwayar a hankali. "Da na leƙa."

"Daga nan ana hango lungun ƙofar baya," in ji Yuleidis. "Ka ga mamata ta shiga kafin huɗu?"

"Ban gani ba, 'yata. Amma ba zan rantse ba, idona yana kan hannun ɓarawon nan."

Sajan ya ja layi a kan sunan Eusebio. Saura biyu.

An wanke ƙasan matakalar, amma jinin ya zauna a tsakanin tayil. Suka hau. A sama akwai kujera mai lilo, da ƙaramin tebur, a kansa tsohon rediyo ruwan ƙasa. Fulogin ba ya cikin bango. Igiyar tana gefen rediyon, a naɗe, zagaye bisa zagaye, tsaf kamar sabuwa a shago. Yuleidis ta sunkuya ta daɗe tana kallonta, hannuwa a baya.

"Akwai wanda ya taɓa wannan daga cikinku?"

Sajan ya duba hotunan jiya a wayarsa. "Haka muka same shi. An ma goge jikin rediyon, babu zanen yatsa ko ɗaya. Uwarki kuwa sana'arta goge-goge."

Ƙofar Dokta taku uku ce daga kujerar. Ya buɗe cikin baƙar riga mai dogon hannu, an goge ta sosai. Ɗakin nasa an manne bangonsa da soso, kujera ɗaya ce a tsakiya, hedfon ɗin kuma yana rataye a kan wani gunkin katako kamar abin bauta. A bango akwai ƙusoshi goma sha biyu, kowace da igiyarta a naɗe.

"Wannan fa?" ya tambaya, yana kallon wani wuri kusa da kafaɗarta.

"Tana taimaka mana da kayan lantarki," in ji Sajan.

"Dokta, ka yi haƙuri," in ji Yuleidis da muryar da take yi wa masu duba lasisi. "Ni dai ina so in fara sayen hedfon mai kyau ne, ban san ta inda ake farawa ba. Irin wannan ne ake saya?"

Ko makoki bai hana shi murmushi ba. "Wannan ba na masu farawa ba ne. Duba bayansa. Raga ce, a buɗe. Masu rufaffen baya na 'yan bas ne da 'yan wasan kwamfuta, sauti a cikinsu kamar mutum yana waƙa a cikin tukunya."

"To ita amfilifayar aljihu da ake faɗa, ta cancanci a saya? Ko kwalliya ce?"

"Kwalliya!" Ya dubi Sajan don ya taya shi mamaki. "In kika soka wannan a waya kai tsaye, abin da za ki ji bai fi kukan sauro ba. Ni ban taɓa sauraro babu ita ba. Cin mutuncin waƙa ne."

"Har jiya?" in ji Sajan.

"Har jiya. Shi ya sa ban ji komai ba. Ina cikin duniyar da ba kowa ke shigarta ba."

"Tana ina, mu gani?"

Dokta ya ɗan gyara wuyan riga. "Na ara wa wani aboki da safen nan."

Yuleidis ta buɗe jaka ta ajiye baƙin akwatin a hannun kujera, salatif ɗin yana sama. Sajan ya karanta a fili. "Dokta Sarmiento, Talata."

A karon farko cikin shekara goma sha tara Fabricio Sarmiento ya kalli fuskarta.

"Rumfa ta arba'in da ɗaya, layin masu waya," ta ce. "Nan ne Bogotá. Yallaɓai, zauna ka sa shi a kunne. Dokta zai soka maka a wayarsa, ya ƙure murya."

Sajan ya zauna, kujerar ta yi ƙara. Dokta ya haɗa igiyar da wayarsa. Yuleidis ta fita ta rufe ƙofa, ta tsaya a gefen kujerar lilon, ta yi magana kamar mai tambayar farashin tumatir.

"Sajan, maɓalli na uku na rigarka ya ɓalle tun safe."

Da ta buɗe ƙofar ta same shi yana kallon cikinsa. Ya cire hedfon ɗin ya juya shi, ya leƙa ragar. "Har tsuntsayen waje nake ji," ya ce. "Da Eusebio yana zagin Don Ulises."

"Haka aka ƙera shi. Ba ya toshe komai, nasa yana fita, na waje yana shiga. In akwai amfilifaya, sai mutum ya ƙure har ya danne rediyon tsohuwa. In babu, rediyon ne zai danne shi. Na 'yarka mai arha ya fi wannan toshe kunne sau goma."

Dokta ya jingina da bangon soso. Ya yi tunani da sauri, a nan kam sai a yaba masa. "To, na ji hayaniya. Na ɗauka faɗansu ne da 'yar aikin, kamar kullum. Na ji kunya in ce na ji ban fito ba, shi ya sa na ce ban ji ba. Kunya ba laifi ba ce, Sajan."

Sajan ya dubi Yuleidis. Gaskiya ce, ƙarya ɗaya ba ta fitar da mutum daga bayan kanta.

"Ku fito," ta ce.

Ta tsayar da su a gaban rediyon. "Wanda ya cire fulogin nan shi aka ce wa ajiye mini abina. Shi kuma ya mayar da rediyon ya naɗe igiyar. Yallaɓai, kai yaya kake naɗe igiya?"

Ya nuna da hannu, yana zagaya ɗaya a kan ɗaya.

"Haka kowa ke yi. Kowane zagaye yana murɗa ta sau ɗaya, in ka sake ta sai ta nannaɗe kamar taliya. Masu harkar sauti ba sa haka, don yana kashe zaren ciki. Zagaye ɗaya ta sama, na biyu a juya wuyan hannu ta ƙasa, murɗin farko ya warware na biyu. Kama fulogin da hankici ka sake ta."

Sajan ya kama fulogin ya ɗaga. Igiyar ta zubo ƙasa miƙe sar, ko lanƙwasa ɗaya babu.

"Yanzu ɗauko kowace daga bangon Dokta."

Ya ɗauko ta uku, ya saki. Sar. Ya ɗauko ta tara. Sar.

"A kicin akwai dutsen guga da injin markaɗe. Mamata ce ke naɗe su."

Sajan ya sauka da kansa, wanda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Ya dawo yana haki da dutsen guga a hannu. Ya warware igiyar daga jikinsa ya saki. Ta dunƙule ta hau kanta kamar hanjin kaza.

"Shekara goma ina koya mata," in ji Yuleidis. "Ta ce ba ta da lokacin yi wa igiya kitso. Marigayiya kuwa yatsunta ko maɓalli ba sa iya sawa. A gidan nan mutum ɗaya ne ke naɗin sama da ƙasa. A layin nan ma, in ka cire ni, ina jin shi kaɗai ne."

Daga waje aka ji ƙarar domino a kan tebur.

"Kwana uku," in ji Dokta a hankali. Ba su yake kallo ba, igiyar yake kallo a ƙasa. "Kwana uku ba na jin komai sai akodiyon. Kun san abin da akodiyon yake yi wa kunnen da aka horar? Na roƙe ta ta rage. Ta ce gidanta ne, in ban so in nemi nawa. Fulogin kawai na cire. Ta tashi ta kama igiyar. Tana ja, ina ja." Ya haɗiye yawu, kowa ya ji ba tare da hedfon ba. "Sai na saki."

"Ka saki, ko ka tura?" Sajan ya tambaya.

"Na saki da ƙarfi."

"Likitanmu ya ce ta kai rabin awa tana numfashi," in ji Sajan. Muryarsa ta canja, ta mai zaman jiran ritaya ta tafi. "Rabin awa, Dokta. Asibiti yana bayan layi uku. Me ka yi?"

"Rediyon ya faɗi a nan sama. Na mayar da shi, na goge. Igiyar tana ƙasa duk a murɗe." Ya ɗago kamar mai bayyana abin da kowa ya kamata ya fahimta. "Ba a barin igiya haka."

"Sannan?"

"Na koma ɗaki." Ya dubi kujerar lilon. "Gidan bai taɓa yin shiru irin haka ba."

"Da mamata ta shigo tana ihu fa?" in ji Yuleidis. "Ita da ta yi maka wanki shekara goma sha tara. Ka ji ta?"

Da Sajan ya ciro ankwa, abin da Dokta ya roƙa ɗaya ne: a mayar da hedfon ɗin kan katakonsa, kada sosonsa ya lotse.

Ƙarfe uku na yamma aka gama takardu. Yuleidis tana zaune a gaban teburin Sajan tana jiran a fito da mahaifiyarta, fanka tana kaɗawa tsakaninsu. Ya sa amfilifayar a ledar shaida, ya ɗaga yana juya ta.

"Marelvis ta dame ni in saya mata irin wannan. Tsakani da Allah, ya cancanta?"

"Wane hedfon gare ta?"

"Ja. Mai kunnen mage."

"Bar kuɗinka, wayarta ta ishe shi. Sai wanda ya sayi mai tauri yake buƙatarta. In tana son ƙarin daɗi, ta canja hedfon ɗin tukuna, ta sayi mai kyau amma mai rufaffen baya, kowa a gida ya huta."

Ya gyaɗa kai, ya jawo takarda. "Saura tambaya ɗaya, don fayil. Ya kawo Talata. Kin gama gyaran?"

"Na gama."

"Yaushe?"

Ta kalli fankar. Tana iya cewa yau da safe, babu mai duba dalma ya faɗi ranarta.

"Talata. Bai kai bakin titi ba na gama. Ƙafa ɗaya ta ramin igiyar ce ta saki, aikin minti goma."

"To me ya sa kika ce Juma'a?"

"Ya yi mini lacca."

Sajan ya riƙe biron bai rubuta ba. Kwana ukun da Dokta ya lissafa suna tsaye a tsakaninsu, babu wanda ya ambace su.

"Ba ke kika tura ta ba," ya ce.

"Na sani."

"Mutumin da zai naɗe igiya goggonsa tana mutuwa, ko ba wannan makon ba, da wani makon ne."

"Wataƙila."

Aka fito da Dioselina da siket ɗinta a leda. Ba ta yi murna ba. Ta tambayi ranar jana'iza, ta tambaya ko an sanar da ƙanwar marigayiya da ke garin Ciénaga, ta ce dole su biya ta El Prado su ɗauko kyanwar, don Niño Fabricio ba ya tunawa da ita. Sai ta tuna inda Niño Fabricio yake, ta zauna a bencin ofishin ta yi kukan da ba ta yi ba tun jiya. Yuleidis ta tsaya a gefenta riƙe da ledar har ta gama.

Ranar Litinin ta buɗe rumfa. Wajen ƙarfe goma wani mai dogon hannu ya zo da hedfon da kunne ɗaya ya mutu, ya fara yi mata bayanin ƙasar da aka ƙera shi da irin mutanen da suka cancanci sa shi. Ta bar shi yana yi. Ta yanke igiyar a gindin fulogi, ta fere, ta narka dalma. Yana tsakiyar zancen numfashin sauti ta naɗe igiyar, ɗaya ta sama, ɗaya ta ƙasa, ta tura masa a kan katako.

"Har kin gama? Ni na ɗauka sai ƙarshen mako."

"Ɗauki kayanka, Dokta," ta ce. "Ka je gida ka saurara."